Kundin aiki: yadda nake haɗa wa Cessna ɗin cikin kwamfuta sitiyari, totur da feda

4 ga Janairu, 2025

Yau a wasan tuƙin jirgi na kwamfuta na sauka a gefen titin jirgi sau uku a jere, na huɗun kuma hancin jirgin ne ya fara taɓa ƙasa. Na daɗe ina ɗora wa kaina laifi, sai da na buɗe shafin gwajin na'urorin wasa na Windows, wanda ake shiga ta hanyar rubuta joy.cpl, na saki sandar tuƙin na zuba wa allo ido. Ba na taɓa komai, amma ɗan gicciyen da ke nuna matsayin sandar sai rawa yake kamar mai jin sanyi. Shekara shida ke nan ina murɗa ta, ta gaji.

Maimakon in sayo irinta, na yanke shawarar haɗa kayan tuƙi da hannuna, kuma zan riƙa rubuta abin da ya faru a nan don kada in maimaita kuskure ɗaya sau biyu.

Tambayar farko ita ce wane jirgi. Wanda bai amsa ta ba zai tara kaya masu karo da juna, domin Airbus da sanda a gefe ake tuƙa shi, Boeing da sitiyari mai tsayuwa daga ƙasa, jirgi mai saukar ungulu kuma wata duniya ce daban. Na zaɓi Cessna 172. An fara ƙera shi a 1956, an yi sama da guda 44,000, kuma da shi ɗimbin matuƙa suka fara koyo. Yana nan a Microsoft Flight Simulator na 2020 da nake amfani da shi, yana nan a X-Plane da FlightGear. Samfurin 172S injinsa mai ƙarfin doki 180 ne, farfelarsa ba a sauya mata kusurwa, saboda haka sanduna biyu kawai injin ke buƙata: baƙa ta totur, ja ta daidaita mai da iska. Ga wanda bai taɓa haɗa irin wannan ba, sauƙin ya isa dalili.

11 ga Janairu

Na kwashe makon ina duba abin da ake sayarwa. Sitiyarin Logitech, wanda asalinsa na Saitek ne kafin Logitech ta saye su a 2016, yana juyawa digiri 45 kowane ɓangare. Honeycomb Alpha da ya fito a 2019 yana kai digiri 90 kowane ɓangare. Sandar Thrustmaster T.16000M kuwa ba ta amfani da abin da ke gogar juna wajen gane matsayi, maganaɗisu ne a ciki. Wannan na ƙarshe shi ya tsaya mini a rai, domin ciwon tsohuwar sandata daga gogayya ya zo.

Duk wanda burinsa ya tashi jirgi a daren nan, ya saya kawai, ba abin kunya ba ne. Ni haɗawar ce rabin daɗin. Na zana allo cike da makunnai 40, fitilu, agoguna. Takardar ta yi kyau ƙwarai.

19 ga Janairu

Ina da Arduino Uno, ɗan allon lantarki da ake ɗora wa manhaja, a durowa, na ɗauka da shi zan fara. Ashe kwamfuta ba ta ganinsa a matsayin sandar tuƙi, domin ƙwaƙwalwarsa, ATmega328P, ba ta magana da USB kai tsaye. Wanda ake so shi ne mai ATmega32U4, wato Leonardo ko ɗan ƙaramin nan Pro Micro. Na samo Pro Micro guda biyu, na ɗora wa ɗaya laburaren Joystick, manhajar da ke sa kwamfuta ta gan shi a matsayin sandar tuƙi, na haɗa maɓalli ɗaya. Na danna, lamba 1 ta yi ja a allo. Na danna ya fi sau ashirin, ba don komai ba sai don daɗi.

Wanda ba ya son rubuta manhaja ko layi ɗaya, akwai allon Leo Bodnar BU0836A, yana ɗaukar layin motsi 8 da maɓalli 32, a jona kawai.

2 ga Fabrairu

Totur. A Cessna sanda ce da ake turawa ciki a ƙara wuta, a jawo a rage. Na huda katako, na zura sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8, na ɗaure ƙarshenta da boliyom mai zamewa, irin wanda ke jikin na'urar haɗa sauti. Daga wata tsohuwar na'ura na ciro shi.

Na tura sandar zuwa rabi, allo ya nuna ko kashi ɗaya cikin biyar ba a kai ba. Na ƙara turawa kaɗan, sai lambar ta yi tsalle ta kai ƙarshe. Na kwance wayoyi na sake liƙawa, na zargi dalma, na zargi allon. Can na juya boliyom ɗin na ga an rubuta A10K. Harafin A na sauti ne, ƙaruwarsa ba a miƙe take ba, an yi shi ne ya bi yadda kunne ke jin ƙara. Wanda ya dace shi ne B10K, mai ƙaruwa daidai wa daida. Harafi ɗaya ya cinye mini yini guda.

Da na sauya, sai sauran rawar lamba. Pro Micro yana raba wutar volt 5 zuwa matakai 1024, daga 0 zuwa 1023, kuma lambar tana yawo tsakanin 511 da 515 alhali ba a taɓa komai ba. Na gajarta wayoyin, na murɗe su tare, na sa kafasita 100nF tsakanin ƙafar tsakiya ta boliyom da wayar ƙasa (GND), a manhaja kuma na ce ta ɗauki karatu takwas ta fitar da matsakaicinsu. Ta natsu. Don sandar ta ɗan yi tauri kamar ta gaske, na naɗa mata guntun roba a ramin, na sa noti da zan iya ɗaurewa ko sassautawa. Jar sanda ta biyo bayan baƙa ba tare da gardama ba.

16 ga Fabrairu

Sitiyari, babban aikin. Motsi biyu yake yi a sanda guda: yana juyawa don karkata fukafukai, yana shiga yana fita don ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Na gina akwati, a ciki na sa ƙaramin katako mai tafiya gaba da baya a kan sanduna biyu da boris LM8UU, sandar sitiyarin kuma tana juyawa a kansa.

A nan na ƙi boliyom. Cikinsa ɗan harshen ƙarfe ne ke gogar zanen gawayi, kuma inda ya fi goga shi ne tsakiya, daidai wurin da matuƙi ke yini. Na ɗauki AS5600, ɗan guntun da ke karanta juyin maganaɗisu ba tare da ya taɓa shi ba, yana raba zagaye guda zuwa 4096. Sitiyarin da ke juya digiri 180 zai samu matakai 2048.

Na liƙa wani maganaɗisu da nake da shi a gindin sandar, lambobi suka riƙa fitowa babu kai babu gindi. Galibin maganaɗisun da ke yawo a gida, arewarsu na fuska ɗaya, kudunsu na ɗaya fuskar, kamar kai da wutsiyar kwabo. In ka juya irin wannan a kan guntun, shi bai ga wani canji ba. Yana son wanda aka raba ta faɗi, rabin da'irar arewa, rabi kudu, a tsakiyarsa sosai, da tazarar da ba ta wuce milimita 3 ba. Abin da ya burge ni, guntun da kansa yana faɗa maka ko maganaɗisun ya yi nisa ko ya matso da yawa, in ka tambaye shi.

Sai wata kuma: duk AS5600 adireshinsu ɗaya ne a layin I2C da suke magana da allon ta kansa, wato 0x36, ba a canzawa. Biyu a layi ɗaya kamar mutum biyu ne masu suna ɗaya a ɗaki, ka kira su amsa tare. Wani guntu mai suna TCA9548A ya raba gardamar, yana da ƙofa takwas, yana buɗe ɗaya bayan ɗaya.

23 ga Fabrairu

Ina hawa lafiya lau, na ɗan ƙara jan sitiyari, sai jirgin ya kifa kai ƙasa kamar an tura shi ta baya. Lissafi ne ban yi ba. Na mayar da tafiyar gaba da baya zuwa juyi ta hanyar bel GT2, mai haƙori ɗaya a kowace milimita 2, da fuli mai haƙori 20. Zagaye ɗaya ke nan a santimita 4, alhali sitiyarin na tafiyar santimita 15. Duk sanda fulin ya cika zagaye, lamba ta faɗo daga 4095 zuwa 0. Na sa fuli mai haƙori 80, zagayensa santimita 16, na kuma juya maganaɗisun yadda wurin faɗuwar zai kasance a ɗan gibin da sitiyari ba ya kaiwa.

15 ga Maris

Mako uku ban taɓa aikin ba. Yau na dawo kan abin da ke mayar da sitiyari tsakiya. Na fara da sifirin biyu masu jan juna, sai tsakiyar ta yi wani ɗan rami: kafin ka fita daga cikinsa sai ka yi ƙarfi, da ka fita kuma ka wuce inda kake so. A lokacin sauka, inda gyaran bai fi kaurin farce ba, wannan ramin bala'i ne. Na cire su na sa igiyar roba doguwa, na zagaya da ita ta kan boris 608, irin na tayar allon zamiya. Tsawonta ya sa ƙarfin yana ƙaruwa a hankali, babu rami. Sai dai in na saki sitiyari yana ta lilo kafin ya tsaya. Na shafa giris mai kauri a sandunan, lilon ya ragu. A saitin manhaja na mayar da yankin da ba ya jin motsi zuwa sifili, abin da ban taɓa iya yi da tsohuwar sanda ba.

29 ga Maris

Yayan wani abokina, wanda ya yi horon tuƙi a 172 na gaske shekarun baya, ya zo ya gani. Na nuna masa takardar makunnai 40 ɗin nan ina jiran yabo. Ya duba sama-sama ya ajiye, ya zauna ya kama sitiyari da yatsu uku na hannun hagu, dama na kan totur. Ya tashi, ya kai ƙafa 3,000, sai na ga hannun damansa ya sauka ƙasa kusa da gwiwarsa yana lalube.

"Ƙanena, ina tirim?"

Na ce, "Yaya, yana kan allon madannai, 1 da 7."

Bai ce komai ba, ya yi dariya kawai. Daga baya ya yi mini bayanin da na karanta sau da yawa amma bai taɓa shiga kaina ba sai yau. A jirgin gaske, iska ce ke tura faifan wutsiya, matuƙi yana jin nauyinta a hannu. Yana riƙe hanci inda yake so, sannan ya murɗa tayar tirim har nauyin ya ɓace, sitiyarin kuma ya zauna a wurin da yake, ba ya komawa ko'ina. Duk sanda aka ƙara wuta, aka rage, aka sauke filaf, wato faifan bayan fukafukai da ke taimakawa wajen sauka, ko gudu ya canza, sai an sake murɗawa. Ya ce a tafiya guda hannunsa zai je kan tayar nan sau da yawa fiye da duk makunnan da na zana in an haɗa su, domin yawancinsu sau ɗaya ake taɓa su kafin tashi, sau ɗaya bayan sauka.

Nawa sitiyarin kuwa roba ce ke riƙe da shi, ba iska ba, tsakiyarsa ɗaya ce har abada. Dole in riƙa murɗa tirim ina sassauta hannu a lokaci guda har sitiyarin ya koma tsakiya. Ba haka yake a sama ba, kuma babu yadda za a yi ya zama haka sai da mota, wato ɗan injin lantarki, mai tura sitiyari, irin na'urorin da ke mayar wa hannu ƙarfi. Wannan ya fi ƙarfina a yanzu. Amma ya ce ko da haka, taya a ƙarƙashin hannu ta fi madanni nesa ba kusa ba, domin madanni ba ya gaya wa hannu nawa ya bayar.

Kafin ya tafi ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga wayam, babu feda. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Na naɗe takardar makunnai na jefa durowa.

12 ga Afrilu

Tayar tirim ta kammala. Hanya biyu ce. Ko boliyom mai zagaye goma, wanda ke gaya wa manhaja ainihin matsayi, ko enkoda, wadda ke cewa kawai an ƙara ko an rage. Ta farko tana da daɗi har ranar da ka kunna matuƙin atomatik: shi zai riƙa motsa tirim na cikin manhaja, tayarka tana zaune, da ka kashe shi ka taɓa ta, jirgi ya zabura ya koma inda tayar take. Na ɗauki enkoda EC11. Tana da ƙas-ƙas 20 a zagaye, na buɗe ta a hankali na cire ɗan sifirin da ke yin ƙarar, ta koma sumul. Tayar da katako na yanka, faɗin santimita 12, na cusa mata notuna a ciki don ta yi nauyi, na tsattsaga gefenta yadda babban yatsa zai kama.

Na tashi, na daidaita a gudun not 100 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), na murɗa, na saki sitiyari. Jirgin ya tsaya cak a tsayinsa. Na naɗe hannu ina kallo har kusan minti biyu.

26 ga Afrilu

Feda. Jirgi mai farfela ɗaya da ke juyawa dama yana jan hanci hagu in an ba shi wuta, saboda murɗin injin da iskar farfela da ke naɗe jikin jirgi tana bugun wutsiya ta hagu. Shi ya sa ake taka fedar dama lokacin tashi, domin feda ce ke juya hanci hagu ko dama. Duk shekarun nan manhaja ce ke taka mini ban sani ba, akwai saitin taimako da ke kunne. Na kashe shi, tashin farko na tsinci kaina a ciyawa.

Na yi amfani da layin durowa biyu, kowanne da katakon taka ƙafa, na haɗa su da igiyar birkin keke da ta zagaya ta kan fuli, in ɗaya ya yi gaba ɗaya ya dawo. AS5600 na uku yana kan fulin. Birki kuma a saman feda yake, da yatsu ake dannawa, kowace ƙafa da tayarta. Lanƙwasar ba ta wuce digiri 20 ba, boliyom mai juyin digiri 300 zai ba ni matakai 68 kacal, don haka na sa 49E, ɗan guntun da ke jin kusantowar maganaɗisu, ɗaya a kowace ƙafa.

Abin da ban hango ba: kujerata mai taya ce. Na taka birki da ƙarfi, jirgi bai tsaya ba, ni na yi baya har bango. Yanzu tayoyin gaba suna cikin wani katako mai rami biyu da na ɗaure da gindin fedar.

10 ga Mayu

Na ciro takardar nan daga durowa na soke 28. Saura 12: batir, janareta, rediyoyi, famfon mai, fitilu biyar, ɗumama bututun auna gudu, filaf, da makullin injin mai matsayi biyar, OFF, R, L, BOTH, START. Ƙafafun Pro Micro na biyu ba su isa ba, sai na jera su layi huɗu da ginshiƙi biyar, waya tara ta ɗauki mahaɗa 20. Da na kunna uku a tare, na huɗu ya kunna kansa, domin wuta tana bin bayan gida ta dawo. Kowace mahaɗa sai da na sa mata dayod 1N4148, wanda ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Yatsuna sun sha ƙuna.

Makunnin da ke zama a kunne yana aika saƙo ba tsayawa, kamar mutum ya danne maɓalli ya ƙi ɗagawa. Na gyara manhajar ta aika ɗan bugu guda lokacin da aka kunna, wani bugun daban lokacin da aka kashe. Sannan allunan biyu sunansu ɗaya a idon kwamfuta, yau sitiyari ya zama na farko, gobe makunnai su karɓe wurinsa. Na sauya wa na biyu lambar shaida ta USB da suna.

Rediyo na ajiye shi gefe. Na san hanyar: Arduino Mega mai ƙafa 54, manhajar MobiFlight ta kyauta, allon lambobi mai MAX7219, enkoda mai hawa biyu don murɗa mita tsakanin 118.000 da 136.975. Kayan suna cikin kwali. Amma sau nawa nake canza mita a zagayen fili ɗaya?

24 ga Mayu

Zagaye goma na yi yau, daga injin a kashe. Batir, famfo na ɗan lokaci, makulli zuwa START, jar sanda ciki. Gwajin makulli a R da L, injin na juyi 1,800 a minti. A kan titi na tura baƙar sanda har ƙarshe, ƙafar dama ta shiga da kanta ban yi tunani ba, a not 55 na ɗaga hanci, na hau da 74. A ƙafa 1,000 sama da fili na juya, na rage wuta, filaf 10, hannu ya sauka kan taya ba tare da ido ya bi shi ba. Na shigo da 65. Bakwai sun sauka a tsakiyar layi, biyu sun ɗan yi tsalle, ɗaya na fasa na sake zagayowa, kuma wannan karon babu sandar da zan ɗora wa laifi.

Abubuwan da suka rage. Fedar hagu tana ƙara in an taka a hankali, ina zargin ƙura ce a layin durowar. Riƙon sitiyari da aka buga mini a firintar 3D da robar PLA ya ɗan lanƙwashe bayan rana ta same shi ta taga, domin wannan roba tana fara laushi a zafin wajen digiri 60, za a sake bugawa da robar PETG mai jure zafi. Makunnai kuma in na tashi na bar su a kunne, washegari manhaja ta buɗe da nata a kashe, sai mu yi ta saɓani. Na manna 'yar takarda a gefen allo mai jerin kashewa, kamar yadda ake yi a jirgin gaske.

Jiya da dare na tsinci kaina ina karanta yadda ake jona motar da ba ta da burushi da sandar sitiyari, ina auna ko akwatin zai ɗauke ta. Santimita 3 suka rasa. Gobe zan duba ko bangon baya zai matsa.